An Manta Kwansa Pyo a Hanyar Naju

Shekara talatin da shida Pyo Kumnye ta yi tana zama a kujera ɗaya a cocinsu da ke arewacin Seoul, layi na biyu, hannun dama, daidai inda fasto ba zai ɗaga kai bai gan ta ba. Tun mijinta yana raye aka ba ta muƙamin Kwansa, wato babba a cikin matan coci, kuma daga ranar ko mai sayar da kifi a unguwar bai isa ya kira sunanta kai tsaye ba.

In dai maganar dogara ga Allah ce, babu gwana kamarta. Duk iyalin da aiki ya ɗaga zuwa wani gari, ita ake turawa ta yi musu addu'ar sallama. Takan kama hannun matar gidan da ke sharar hawaye a cikin kwalaye, ta ce, "Kukan me kike yi? Ai Ubangiji ya riga ku isa can. Wannan ƙarancin bangaskiya ne." Ta faɗa wa mata sun fi hamsin wannan magana, ita kuwa tun da aka kawo ta gidan miji ba ta taɓa canja ko da titi ba.

Ɗanta Yonggil injiniya ne a wani kamfanin gwamnati, kuma shekara biyu ke nan da aka kwashe sashensu aka mayar Naju, can kudu. Yakan zo ranar Juma'a ya koma Lahadi, duk ya rame, ga hawan jini ya fara leƙo shi. Wata Asabar suna cin abinci, matarsa Miran ta ajiye cokali ta ce, "Mama, mun yi shawara. In an yi hutun makaranta za mu koma Naju gaba ɗaya, har da ku."

"Ina ne kuma Naju?" in ji Kwansa, alhali ta sani sarai.

"Inda nake aiki mana, Mama," Yonggil ya ce, idonsa a kan kwano.

"Au, can inda suke cin ruɓaɓɓen kifi? Allah ya ba ku sa'a. Ni a Seoul za a binne ni."

Jikarta Dasom, 'yar shekara goma sha uku, ta tashi ta shige ɗaki ta rufe ƙofa, don ita ma ba a son ranta za ta bar ƙawayenta ba. Kwansa ta nuna ƙofar da tsinken cin abinci ta ce, "Kin gani, uwar Dasom? Ko yarinya ta fi ku hankali."

Washegari ta ɗauki alkawarin addu'ar asuba ta kwana arba'in, a kan Allah ya rushe wannan tafiya. Ba ta fasa ko sau ɗaya ba, kuma ba ta bar kowa a cocin bai san ba ta fasa ba. A kwana na talatin da ɗaya ta tara matan coci ta ce an nuna mata a cikin addu'a, tafiyar nan babu ita. A kwana na arba'in ta dawo gida ta tarar masu kwasar kaya sun kawo kwalaye sun jingine a falo.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne wadda aka turo ta yi musu addu'ar sallama. Kwansa Maeng ce, wadda ta shekara goma tana hangen kujerar layi na biyu. Ta zo da sabuwar jaka, ta kama hannun Kwansa Pyo da hannu biyu, ta langaɓar da kai ta ce, "Yaya, kada ki damu. Ai Ubangiji ya riga ku isa can."

Kwansa Pyo ta zare hannunta. "Ki sha shayinki kafin ya huce," ta ce.

Miran ce ta ɗauki nauyin komai. Ta ajiye aikinta na kantin magani, ta je Naju sau huɗu neman gida, ta nemo wa Dasom makaranta, ta nemo asibitin da za a riƙa duba gwiwar surukarta. Wani lokaci Kwansa kan gan ta tsaye a gaban wurin wanke-wanke, ido rufe, leɓe na motsi, sai kuma ta buɗe ido ta ci gaba da aiki. Kwansa takan taɓe baki. Addu'ar da ba ta kai tafasar ruwan shayi ba, ina za ta je? Ita in ta fara, sai matan da ke bayanta sun gyara zama sau uku.

Duk da haka, wata rana da ba kowa a gida, ta ɗauko kalandar gargajiya ta duba ranakun da tsofaffi ke cewa iskokai ba sa yawo, don a irinsu ake ƙaura. Da yamma ta ce, "Ranar tara ga wata ta fi. An ce ba za a yi ruwa ba."

Miran ta dube ta, ta yi ɗan murmushi. "Mama, ai duk ranaku na Ubangiji ne. Ku kuka koya mini. Talata masu motar suka ba mu."

Kwansa ba ta sake yi mata magana ba sai bayan kwana biyu. Ko da Miran ta zo za ta karanta mata adireshin sabon gidan, ɗaga hannu ta yi. "Kada ki cika mini kunne. Wanda za a kai kurkuku ba ya tambayar lambar ɗaki." Miran ta rubuta a takarda ta saka mata a jaka.

Ranar Talata aka wayi gari da yayyafi. Aka kafa motar tsani a tagar bene na biyar ana sauko da kaya. Kwansa ba ta damu da gado ko firji ba, hankalinta yana kan tuluna bakwai na daddawar waken suya da ta shekara tana shanyawa a saman rufi, wani tulun ma ya girmi Dasom. Ta ce ba za ta bar su a hannun waɗannan ƙatti ba, a gaban babbar motar za ta zauna.

Direban wani ƙato ne mai jan ido, marar son magana. Sa'a biyu Kwansa ta yi tana gyara masa rayuwa. Ta ce yana taka burki kamar mai jin haushin hanya, ta ce motarsa tana warin taba, ta tambaye shi ko ya san inda zai je in ya mutu. Can ya ce, "Baba, in dai za a bar ni in yi shiru a can, ko ina ne ina so." Ya ƙara ƙarar rediyo.

Da suka tsaya a wani babban zangon matafiya a kan hanya, ta sauko tana huci. "Na gama da motarka," ta ce masa. "Motar ɗana zan koma." Ya ce, "Madalla," ya nufi wurin masu taliya.

A layin bayi ta haɗu da Miran, wadda ta ce, "Mama, ku dawo motarmu mana, kujerar can za ta tayar muku da ciwon gwiwa." Da ba Miran ce ta faɗa ba, da ta yarda. Amma a ce ta bi shawarar wannan yarinya? Ta ce, "Ku yi gaba abinku. Ni ina tare da tulunana." Su Yonggil kuwa suna sauri su karɓi mukulli kafin kaya su iso, sai suka tafi.

Kwansa ta ƙudurta sai ta shanya direban. Ta wanke hannu a tsanake, ta tsaya kallon kantin huluna, ta taɓa wannan ta taɓa wancan, ta gaya wa mai kantin cewa a Seoul an daina yayin irinsu. Da ta ga ya isa haka, ta fito tana takawa ɗaiɗai. Inda babbar motar take, wata motar ɗaukar aladu ce a tsaye.

Ta zaga filin sau biyu a cikin yayyafi. Jakarta tana kan kujerar motar, wayarta tana cikin jakar, takardar Miran tana gefen wayar. Silifas ne a ƙafarta, sai 'yar rigar sanyi.

A teburin taimakon matafiya wata ma'aikaciya ta ce, "Kaka, ku ba ni lambar ɗanku in kira shi."

Kwansa ba ta taɓa haddace lambar ba. Ita dai ta san in ta danna ɗaya a wayarta ɗanta ne, in ta danna biyu surukarta.

"To adireshin gidan fa?"

"A Naju yake."

"Naju ai gari ne guda, Kaka. Babu wata lamba da kuka haddace?"

Akwai. Lambar ofishin coci tana kanta kamar sunanta. Amma ranar Talata Kwansa Maeng ce ke zama a ofishin tana ɗaukar waya. Kafin la'asar duk arewacin Seoul za su ji cewa an zubar da Kwansa Pyo a bakin hanya kamar tsohuwar katifa.

"Babu," ta ce.

"To bari in kira 'yan sanda su taimaka."

"Na yi miki kama da ɓatacciya? Za su dawo."

Ta koma kan wani benci a ƙarƙashin rumfa. Ta lissafa a ranta: ɗanta yana zaton tana babbar mota, direba yana zaton tana wurin ɗanta, ba mai ganewa sai sun haɗu a Naju. Mutane suna ta wucewa da kofunan kofi, ba wanda ya dube ta. A nan ba Kwansa ba ce, wata tsohuwa ce da jiƙaƙƙen silifas.

Ta ce bari ta yi addu'a. Ta gyara murya ta ɗauko irin buɗewar da ta saba, mai jera sunayen Ubangiji ɗaya bayan ɗaya, wadda ke sa mata cewa amin tun ba a je ko'ina ba. Ba ta yi nisa ba ta tsaya. Babu mai cewa amin, sai ƙarar manyan motoci. Ta sake farawa, ta sake tsayawa. Gwiwarta ta soma zafi, yunwa ta taso, don da safe ta ƙi cin abinci saboda fushi. Daga nan tsoro ya shigo, irin wanda rabonta da shi tun ranar da likita ya kira ta gefe a kan mijinta. Ta tuna matan nan hamsin da hannuwansu masu sanyi, ta tuna ba ta taɓa kiran ko ɗaya daga baya ta ji yadda suka sauka ba.

Ta sunkuyar da kai ta ce a hankali, "Ubangiji, ni ce fa, Kumnye. Ban san inda za ni ba." Iyakar abin da ya fito ke nan. Ta ƙara jan rigar sanyinta.

Ta fi sa'a a haka, sai ga wata doguwar bas ta tsaya, mata sun fi talatin suka zubo, duk da wando mai launin toka da carbin katako a wuyan hannu. Masu ziyarar haikalin Buddha ne, suna magana da karin harshen kudu, kowace tana ƙoƙarin danne muryar 'yar uwarta. Kwansa ta kau da kai ta yi tsaki. Ɗaya daga cikinsu, gajeruwa mai faɗi, fuska duk rana ta ƙona, ta zo ta zauna a bencin ba sallama, da kofin soyayyen dankali a hannu.

"Ke kuma lafiya kike rawar sanyi? Ungo."

"Na ƙoshi."

"Cikinki bai ce haka ba, tun daga can nake jin sa. Ina za ki?"

Kwansa ta yi niyyar yin shiru, amma ƙamshin dankalin ya karya ta. Ta ɗauki ɗaya, ta ba da labarin a taƙaice, ta ɗora laifin duka a kan direba. Matar ta yi dariya har tana dukan cinya.

"An manta ki kamar laima. Kai, 'yan Seoul. Wace shekara aka haife ki?"

Kwansa ta faɗa da ƙyar.

"To na girme ki da shekara ɗaya, ni ce yayarki. Sunana No Malsun, barkono nake nomawa. Tashi mu tafi, mu ma Naju za mu."

"Ni Kwansa ce a coci," in ji ta, tana kallon carbin.

"To sai me? Motar ba ta tambaya. Ko kin fi son ki kwana da aladun can?"

Malsun ta ja ta zuwa teburin taimako, ta bar lambar wayarta, ta ce duk wanda ya kira yana neman uwarsa a ba shi. Ta cire rigar ruwanta ta yafa mata. Kwansa ta hau bas tana cewa a ranta, duk motocin ƙasar nan a rasa wadda za a aiko mata sai ta masu bautar gunki.

A cikin motar ba abin da ya yi mata. Waƙa suke yi, wasu har da rawa a tsakanin kujeru, mata masu jikoki. Sai aka buɗe wata roba, wari ya cika motar kamar an buɗe masai. Ruɓaɓɓen kifin nan ne na Naju. Malsun ta naɗe yanka ɗaya da naman alade da tsohon kimchi, wato tsimammen kabeji mai yaji, ta kai mata baki.

"Buɗe."

"Ko kare ba zai..."

Kafin ta rufe baki an cusa mata. Yajin ya bi ta hanci ya hau ƙwaƙwalwa, idonta ya kawo ruwa, matan suka fashe da shewa. Ta tauna ta haɗiye don ba inda za ta tofar. Hawayen dai ba su tsaya da kifin ba, suka ci gaba da zuba. Malsun ta duba ta gani, ta juya baya ta tare ta daga sauran, ta ce, "Na farko haka yake yi wa kowa." Bayan wani lokaci Kwansa ta miƙa hannu ta ɗauki na biyu da kanta.

Suna dab da shiga gari wayar Malsun ta yi ƙara. Ta saurara, ta miƙa mata. Muryar Miran ce, tana shessheka har maganar ba ta fita sosai.

"Mama? Mama, kuna lafiya? Baban Dasom ya juya da mota, na ce ya dawo. Tun da muka gane nake roƙon Allah ya sa ku a hannun mutanen kirki. Laifina ne, da na tsaya na ga kun hau."

Shekara goma sha biyar Kwansa ba ta taɓa jin yarinyar nan ta yi kuka ba, ko ranar da ta ajiye aikinta. Maganganu da yawa suka zo mata baki. Abin da ta iya cewa shi ne, "Ki daina wannan kukan, mutane na ji. Kin ci abinci?"

"A'a, Mama."

"To ki ci."

Direban bas ya kauce hanya ya kai ta har ƙofar ginin. Dogon bene ne sabo fil, a tsakiyar gonakin shinkafa, kamar an dasa shi bisa kuskure. Miran da Dasom suna tsaye a cikin ruwa. Direban babbar mota yana gefe, ya cire hula yana murza ta. Kwansa ta wuce shi kamar ba ta gan shi ba, ko da yake ta fi kowa sanin abin da ta gaya masa. Mata shida suka biyo ta har bene na goma sha biyu ba wanda ya gayyace su, suka shimfiɗa jarida a ƙasa a tsakanin kwalaye, suka juye sauran guzurinsu. Da Yonggil ya iso, fuska duk ta faɗa, ya tarar da uwarsa a zaune cikin baƙin mata tana koya musu yadda ake yanka kabeji a Seoul. Ya ce ta yi musu addu'ar shiga gida. Kowa ya gyara zama don an san hali. Ta rufe ido ta ce, "Mun gode da ka kawo mu. Ka zauna tare da mu a nan." Ta yi shiru. Dasom ta buɗe ido ɗaya ta ga ko kakar ta yi barci ne, sai ta ji ta ce amin.

Kada a ce halin Kwansa ya canja. Ruwan Naju bai yi mata ba, kasuwar ta yi ƙanƙanta, mutanen suna magana kamar masu faɗa. Cocin da suka samu a saman wani shagon soyayyen kaza yake, mutum arba'in in an cika, faston kuma yaro ne da bai iya tsawaita wa'azi ba. Ba wanda ya san ita wace ce, har wata ta miƙa mata soso ta ce ta taya su wanke tukwane. Ta wanke, tana gaya musu duk ba su iya ba. Dasom ta yi wata biyu ba ta yi ƙawa ba, sannan ta yi guda uku. Yonggil ya fara ƙiba.

Da kaka ta yi, fasto ya roƙi Kwansa ta ba da shaida a gaban jama'a. Ta sa rigarta mai kyau ta yi minti arba'in. A bakinta, ita ce ta zauna a zangon nan zuciya kwance kamar dutse, ba ta ji tsoro ko na ƙiftawar ido ba, har Ubangiji ya aiko da waɗansu bayinsa mata masu tsoronsa suka ɗauke ta. Ba ta ambaci wandon toka ba, ba ta ambaci carbi ba. Miran tana layin baya, kanta a ƙasa, kafaɗunta suna ɗan motsi tana danne dariya.

Garin ƙarami ne, kafin Laraba labari ya kai gonar barkono. Ran nan Kwansa ta hau bas ta je, kamar yadda ta saba yi duk mako da sunan za ta duba ko an iya shanya barkonon. Ta tarar da Malsun a tsugune a tsakar gida tana cire hancin barkono.

"Ga waliyyiya ta iso," in ji Malsun. "An ce mu ne bayin Ubangiji masu tsoronsa."

"Ni ban kama suna ba."

"An ce kuma ba ki ji tsoro ba. Wadda na tsinta tana karkarwa kamar ɗan tsako a ruwa, wata ce daban?"

"Sanyi ne."

"To shi Ubangijin naki, da ya tashi aike, bai ga motar 'yan coci ba ne sai tamu?"

Kwansa ta jawo 'yar kujera ta zauna, ta ɗebi barkono ta zuba a cinya. Ta daɗe tana cirewa kafin ta ce, "Na tambaye shi. Bai ba ni amsa ba tukuna."

"In ya ba ki, ki gaya mini."

"Yaya, wannan barkonon naki bai bushe ba. Haka za ki kai wa mutane?"

"Cire dai ki yi shiru," in ji Malsun, ta turo mata wani kwandon.